Ruwan da Ba Ya Zafi

A layin nan babu mai kiran Sista da sunanta na yanka. Tun tana aikin jinya a ɗakin wanke ciwo na babban asibiti sunan ya manne mata, ta yi ritaya, shi ya ƙi yi. Har mijinta Tela, wanda ya fi kowa ikon kiranta da wani abu mai taushi, Sista yake cewa, kuma ko a bakinsa sunan da ɗan shakka yake fita.

Asibiti ya sallame ta, amma mutanen layi ba su sallame ta ba. Wanda wuƙa ta yanka, wanda babur ya kayar, matar da mai ya fallatsar wa a hannu, duk barandar gidanta suke nufa. Tana da farantin ƙarfe da ba mai taɓa shi sai ita: almakashi, hantsaki, auduga, bandeji, sai kwalabe uku a jere, sifirit da aidin da ruwan nan mai kumfa. Aƙidarta ɗaya ce, kuma ba ta ɓoye ta: maganin da ba ya zafi wasa yake yi. In ta zuba, ba ciwon take kallo ba, fuskar mai ciwon take kallo. Sai ta ga goshi ya tattare, haƙora sun haɗu, sannan ta gyaɗa kai ta ce ya shiga, ta rufe kwalba. Mahaucin bakin titi, ƙaton da ke kayar da sa shi kaɗai, an taɓa jin sa yana kiran uwarsa a barandar nan, kuma har gobe in ya hango Sista sai ya gyara tsayuwa.

Kada a yi mata mummunar fahimta. Sista ba muguwa ba ce. Ta koyi aiki a zamanin da kwalaben nan su ne duk abin da ke kan teburi, ta yi aiki da su tsakani da Allah, kuma Allah kaɗai ya san yawan ƙafafu da hannayen da ke yawo a gari albarkacinta. Abin alfaharinta, wanda take faɗa ko ba a tambaye ta ba, shi ne ba a taɓa yanke gaɓar da ta fara kamawa ba. Mace ce da ta san darajar kanta, kuma babu laifi a hakan.

Shagon Tela a gaban gidan yake, ƙofa ɗaya tana kallon titi, ɗaya tana kallon tsakar gida. Kekensa na ƙafa ne, baƙi, ya girmi duk 'ya'yansa. Sun sha roƙonsa ya bari a haɗa masa na lantarki, ya ce wuta tana ɗaukewa, ƙafarsa kuwa ba ta taɓa ɗaukewa ba. Ta dama ce jagora, ita ke tayar da keke, ita ke tsayar da shi a kan kwana. Da ita ya ciyar da gida, da ita ya yi wa yara makaranta. Ciwon suga ya daɗe tare da shi, har sun saba, kamar maƙwabcin da ba a so amma ana gaisawa.

Wata safiya Sista tana shara ta ga tabo a cikin takalminsa na dama. Ta zaunar da shi a baranda, ta ɗora ƙafar a cinyarta, ta juya ta. Ƙarƙashin babban yatsa akwai rami da bai fi ƙwayar wake ba. Bakin ƙarfen keken da yake takawa ne ya cinye har ya yi kaifi, ya yi ta goge fatar har ta buɗe. Ta tambaye shi tun yaushe, ya ce shi ma yanzu yake samun labari.

Ta ɗauko faranti, ta zuba sifirit, ta ɗaga ido. Tela yana ba ta labarin wani mai wando da ya ƙara ƙiba ya dawo yana cewa tela ne ya yi kuskuren awo. Ko gira bai motsa ba. Ta ƙara zubawa. Ya ci gaba da labarin mai wando.

A kanta ta san dalili. Ita da bakinta ta koya wa ɗalibai cewa suga in ya daɗe yana kashe ji a ƙafa, mutum ya taka ƙusa bai sani ba. Amma abin da kai ya sani daban, abin da hannu ya saba daban. Hannun Sista bai san wata alamar tsayawa ba in ba fuska ba, kuma fuskar ta ƙi ba shi izini. Sai ya zama safe da yamma, daga baya har da rana: sifirit, ruwan kumfa, aidin mai kauri, ta goge da ƙarfi, ta ɗaure. Ramin bai rufe ba. Bakinsa ya yi fari, ya fara faɗi, ƙwayar wake ta zama kan babban yatsan hannu.

Tela mutum ne mai lura. Ya gane abin da matarsa ke nema a fuskarsa, ya ga kuma tana ramewa don ba ta samu ba, sai ya yanke shawarar ba ta. Wata rana ta sunkuya a kan ƙafar, sai ya runtse ido, ya ja iska ta haƙori, ya ce wash, irin wash ɗin da mahauci ya yi. Ya yi shi da kyau ƙwarai. Matsalar kawai ita ce murfin kwalbar ne a hannunta, ba ta riga ta zuba komai ba.

Suka kalli juna. Ya so ya yi dariya, ya ga ba wurinta ba ne. A ranar tsoro ya shiga Sista, tsoro na gaske, irin wanda ba ta taɓa ji a kan ƙafar wani ba. Ta rufe shago da hannunta, ta ce ya sa riga.

Likitan da ya duba su ta san shi tun yana ɗalibi, yana bin bayanta a ɗakin wanke ciwo da littafi a hannu. Ya gaishe ta har da rusunawa. Ya yanke mataccen naman da ke bakin ramin, ya sa aka ɗauki hoto, ya rubuta ƙwayoyi. Sannan ya faɗi maganar yadda take. Ciwon bai kai ƙashi ba tukuna, amma hanyar can ya nufa. Ba taka ƙafa, ba keke. In suka dawo ya ga ya ƙara nutsewa, zai cire yatsan, wataƙila har da gaban ƙafar.

Tela ya tambaya ko ana taka keke da rabin ƙafa. Likita ya duba takardar gabansa.

Da likitan ya tambayi abin da ake wanke ciwon da shi, Sista ta lissafa masa, kai a sama, kamar mai karanta sunayen 'ya'yanta. Bai ce ta yi kuskure ba, yana da tarbiyya. Cewa ya yi ai sun yi sa'a, gwanar ɗakin wanke ciwo ta yanzu a gidansu take, zai ce mata ta biya da yamma ta kawo abin da suke amfani da shi.

Gwanar da yake nufi matar autansu ce. Ta haifi biyu amma har yanzu Amarya ake ce mata. Siririya ce, muryarta ba ta wuce inda take tsaye, kuma a ɗakin da Sista ta mulka shekara da shekaru take aiki. Tun da aka kawo ta ba su taɓa yin maganar aiki ba. Amarya tana jin nauyi, Sista kuwa a ganinta ma'aikatan jinyar yanzu shafa suke yi, ba wanki ba. Amarya ta ga bandeji a ƙafar surukinta tun farko, ta ji warin sifirit daga bakin ƙofa, ta haɗiye maganarta saboda babu wanda ya tambaye ta.

Ta zo da yamma da kayan aiki a jikinta, ta durƙusa ta gaida Baba, ta gaida Mama, ta fito da wata farar roba da ba a ganin cikinta. Sista ta karɓa ta girgiza, ta buɗe ta shinshina. Wari ne kaɗan, sananne.

"Ruwan wankin farin kaya kika kawo wa babanki?"

Amarya ta ce a'a, Mama, dangi ne dai na nesa, wancan ko kusa da ciwo ba a kai shi. Wannan sunansa haifokuloras asid. Da ruwa da gishiri da lantarki ake haɗa shi, kuma irinsa ne fararen ƙwayoyin jini ke yi da kansu in cuta ta shigo jiki. Yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya ƙona sabon naman da ke ƙoƙarin tasowa. Ta ƙara da cewa ba shi ke warkarwa ba, jiki ke warkarwa, shi share masa hanya kawai yake yi. Sai an haɗa da ƙwayoyin likita, da kama suga, da hutar da ƙafa.

Sista tana da yankan wuƙa a yatsa tun girkin jiya. Ta cire filasta, ta fesa, ta jira. Sanyi kawai ta ji. Ta ƙara fesawa, ta ƙara jira, sannan ta ajiye robar a gefen faranti, nesa da kwalabenta, ta ce ruwan famfo ma ya fi wannan zuciya. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji ta, kuma ita ba a kanta za a fara wanke ramin ƙafa da ruwan alwala ba.

Amarya ba ta yi musu ba. Ta sunkuyar da kai har maganar ta huce, sannan ta ce:

"Mama, ni ba zan taɓa ƙafar Baba ba, hannunki ta sani. Ke za ki yi. Abu ɗaya nake roƙo. Fuskar Baba ba za ta ƙara gaya miki komai ba. Ki bar kallonta, ki kalli ciwon."

Maganar ta yi wa Sista zafi, zafin da ruwan bai yi ba. A gidanta, a barandarta, yarinyar da aka haifa bayan ta zama Sista. Ta buɗe baki, sai idonta ya sauka a kan babban yatsan nan da ke kan matashi, mai kaurin farce, mai kanta a gefe. Ta rufe bakin. Ta ce a nuna mata yadda ake yi.

Babu wani abin a zo a gani. A wanke hannu, a jiƙa ƙyallen gos da ruwan har ya ɗiga, a ɗora a kan ciwon, a bar shi ya zauna na ɗan lokaci. A ɗauke, ba gogewa da ƙarfi, a rufe da sabon bandeji. A mayar da murfi da kyau, a ajiye robar inda rana da zafi ba sa kaiwa, don haske yana kashe ƙarfinta.

Abu biyu suka wahalar da Sista. Na farko jira. Macen da ta saba zubawa, gogewa, ɗaurewa, na gaba ya matso, yanzu an ce ta zauna ta naɗe hannu tana kallon jiƙaƙƙen ƙyalle. Na biyu ido. Duk yadda ta yi, da ta ɗora gos sai idonta ya haura fuskar Tela da kansa. Da ta gaji, ta sa shi riƙe jarida a buɗe a gaban fuskarsa duk lokacin wanki. Ya karanta shafi ɗaya har ya haddace, ya ce a bari ya juya, ta ce ba don karatu aka ba shi ba.

Kwanakin farko babu abin da ya canza. Ramin yana nan yadda yake, yana kallonta tana kallonsa. Wata rana da azahar, gida shiru, ta ga hannunta ya kai kan kwalbar sifirit. Sau ɗaya kawai, ta ce a ranta, don a tabbatar. Tela bai sauke jaridar ba, amma ya san ƙarar murfin nan kamar yadda ya san ƙarar almakashinsa.

"Sista," ya ce daga bayan takarda, "ni ba na ji, amma ƙafar tana ji."

Ta daɗe riƙe da kwalbar. Sannan ta tashi, ta kwashe duka ukun, ta kai sifirit ɗin wa mai askin da ke maƙwabtaka da su ya riƙa goge kayan aikinsa, sauran ta tura su can ƙarshen kabad.

Daga nan Sista ta koma abin da ta iya, wato mulki. Duk zafin da ta hana ciwon sai ta sauke shi a kan mai ciwon. Shayinsa ya zama ruwan ganye zalla. Awon suga safe da yamma, ƙwaya a kan lokacinta, kuma in ƙafar dama ta kuskura ta nufi ƙasa, daga kicin take jiyowa. Robar ruwan kuwa ta samu gata: aljihun teburi na ƙasa, cikin tsumma, kuma ranar da Auta ya ɗauko ta ya ajiye a taga yana karanta rubutun jiki, ya ji abin da bai ji ba tun yana firamare. Ba ta taɓa kama sunan ruwan daidai ba, ba ta kuma yi niyya ba. Ruwan Amarya take ce masa.

Tela ya sha wuya. Yana zaune ƙafa a kan kujera, yana jin masu ɗinki suna buga ƙofar shago suna juyawa. Wasu sun jira, da yawa sun kai yadinsu gaba. Bai yi ƙorafi ba, amma wata rana ta tarar da shi ya sa an buɗe ƙofar ciki, yana kallon keken daga nesa.

Ita ta fara gani, kuma dole ita ce, don idon da ya daɗe a aiki ba ya ritaya. Wata safiya ta ɗauke gos, ta ga ƙasan ramin ya bar launin toka, ya yi ja mai ɗanshi, da 'yan ƙananan tsiro a jikinsa. A gefe kuma wani siririn zobe ne mai ruwan hoda, sabuwar fata, mai laushin da ko numfashi ka ji tsoron yi a kanta. Ta san abin nan sarai. Ta kuma gane, ba tare da kowa ya faɗa mata ba, cewa shi ne abin da take ta gogewa da auduga safe da yamma. Ta zauna a kan dugaduganta. Sannan ta ɗauki waya ta kira Amarya a wurin aiki, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce in ta tashi ta biyo, akwai abin da za ta gani.

Sannu ba ta hana zuwa. Zoben ya yi ta matsowa ciki, mako bayan mako, suna komawa asibiti ana aunawa, har ranar da likita ya kwance bandeji, ya danna gefe, ya duba sabon hoto, ya ce wuƙarsa ba ta da aiki a nan. Ya leƙa waje ya kira ɗalibai su zo su ga yadda ciwon mai suga ke rufewa in an kula da shi. Suka kewaye gadon. Ya tambaya a gabansu wa ke yin wankin. Amarya tana tsaye a jikin bango, ta nuna Mama da ido.

"Hannuna ne," Sista ta ce. "Amma 'yar nan ce ta koya wa hannun."

Ta faɗa da muryarta ta da, wadda ake ji har ƙarshen baranda. Tsofaffin ma'aikatan da suka yi zamani da ita sun rantse ba su taɓa jin ta ce wani ya koya mata wani abu ba.

Ba a bar Tela ya koma keke nan take ba. Sai da fatar ta yi ƙwari, aka yi masa takalmi mai laushin ciki, maƙeri ya zo ya goge bakin ƙarfen ya lulluɓe shi da roba. Sista ta kafa doka: ɗinki kaɗan, hutu, sannan kowace yamma ƙafa a cinyarta ta duba ta yatsa bayan yatsa. Ranar da za a buɗe shago ta tambaye shi aikin wa zai fara, cikin waɗanda suka yi haƙurin jira. Ya ce ta sa Auta ya sato masa tsohuwar rigar aikin Amarya daga igiya, awo yake so.

Farin yadi ya saya, mai kyau, wanda ba ya nuna jiki. Ya ɗauki lokacinsa, ya yi aljihu biyu masu zurfi da ƙarami na almakashi. Da ya gama, Sista ta ce ba mai guga da zai taɓa ta. Ita ta goge, ta fitar da kari a hannuwa yadda ake yi a zamaninta, ta rataye a hanga. Auta ya kawo leda, ta ce ya mayar.

Haka ta fita da ita, a buɗe, hannu a sama don kada gefen ya taɓa ƙasa. Ta bi layi daga farko har ƙarshe, ba ta hanyar da ta fi kusa ba. Mai aski ya tambaya, ta tsaya ta ba shi amsa. Mahauci bai tambaya ba, shi ma ta tsaya. A motar haya ta ƙi ninke ta, ta riƙe ta a gabanta har asibiti.

A ƙofar ɗakin wanke ciwo mutane suna jere a benci, wani da hannu a ɗaure, wata da ƙafa a miƙe. Amarya ta fito kiran na gaba, ta ga surukarta, ta tsorata ko wani abu ya samu Baba. Sista ta ɗaga rigar yadda duk na kan benci za su gani.

"Ƙafar da aka ce za a yanke ce ta ɗinka wannan."

Amarya ta karɓa da hannu biyu. Ta juya gefen rigar, ta bi ɗinkin da yatsa, miƙaƙƙe, ƙanana, babu inda zare ya yi tsalle. Ta so ta yi godiya, sai ruwa ya cika mata ido. Sista ta ce ba kuka ta zo gani ba, ta shiga ta sa a ga ko kafaɗa ta zauna.

Amarya ta shiga ta tura ƙofa. Wani mai bandeji a gwiwa ya matsa gefe, Sista ta zauna a bencin tare da masu jira, jaka a cinya, haɓa a sama, tana jiran a buɗe.